Tsohuwar kwamfutar da ka ajiye: kayan da take buƙata kafin ka ɗora mata Linux

'Yan uwa tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft suka rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 nake ta jin tambaya iri ɗaya, wai akwai wata tsohuwar laftof ko desktof a ajiye tana shan ƙura, Windows 11 ya ƙi hawa kanta saboda yana neman TPM 2.0, wato ɗan cif na tsaro, da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, to me za a saya mata don ta ɗauki Linux. Amsata kullum ita ce kar ka sayi komai tukuna. Gaskiya abin yana min ciwo in ga mutum ya fitar da kuɗi ya sayo kayan da injin ɗin bai ma buƙata ba, ko kuma ya yar da kwamfuta mai rai da lafiya don kawai an ce masa ta tsufa. Yawancin injinan da aka ƙera daga 2010 zuwa yau sun isa su ɗauki Linux yadda suke, abin da ake buƙata daga waje bai wuce filash ɗaya ba, sauran kuma sai an gwada an ga inda take ciwo sannan a yi magani.

Ga wanda bai saba ba, Linux sistam ne buɗaɗɗe, wato lambobin da aka rubuta shi da su a fili suke kowa na iya dubawa ya gyara ya raba, kuma kyauta ake sauke shi. Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Yana zuwa iri-iri da ake kira distiro, irin su Ubuntu, Linux Mint, Debian, Fedora, kuma kowanne da nauyinsa, shi ya sa kayan injin ɗinka ne za su gaya maka wanda ya dace da kai ba abin da wani ya yaba maka ba. Akwai wasu buɗaɗɗun sistam ɗin kamar FreeBSD amma shi ya fi tsantsami wajen zaɓen kaya musamman waifai, don haka a kan Linux zan tsaya.

Fara da jikin injin ɗin kafin maganar lambobi. Ciro ta, jona caja, kunna. In laftof ce ka ɗora ta kan tebur ka ga ko tana zama daidai, ka duba wajen tocfad ko ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, in ka ga haka batir ne ya kumbura, kuma dan Allah wannan ba abin wasa ba ne, batirin litiyom da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, a cire shi kar a soke shi kar a danne shi, yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai ba batir. Sai ka saurari fanka. In tana kuka kamar za ta tashi sama ko injin yana kashe kansa bayan 'yan mintuna, ƙura ce ta toshe mafitar iska ko kuma man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, a buɗe a share a sa sabo, ba tsada gare shi ba, kuma babu sistam ɗin da zai gyara maka zafi. Wani ƙaramin abu da ake mantawa da shi shi ne batirin agogo na kan madabod, wannan mai kama da kwabo, lambarsa CR2032 a yawancin desktof. In kwamfuta ta daɗe a ajiye sau da yawa ya mutu, za ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da ka kunna, kuma saitin BIOS, wato shirin da ke tayar da injin kafin sistam ya hau, yana gogewa, to da kwanan wata mara daidai burauza za ta rinƙa ƙin buɗe shafuka tana cewa satifiket ba shi da inganci, kai kuma ka ɗauka Linux ne ya lalace alhali batir ne.

Sai firosesa. A nan tambaya ɗaya ce mai muhimmanci, 64-bit ne ko 32-bit. In har yanzu Windows yana tashi a kanta ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, za ka ga sunan firosesa da yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki a cikinta, da kuma ko BIOS ɗin sabon salo ne da ake kira UEFI ko tsohon salo. Amma ka kula, sau da yawa an ɗora Windows mai 32-bit a kan firosesa mai 64-bit, don haka kar ka yanke hukunci da Windows ɗin, ka ɗauki sunan firosesan ka bincika shi a shafin Intel ko AMD. A taƙaice Core 2 Duo da ya fito a 2006 da duk i3, i5, i7 da suka biyo baya 64-bit ne, haka Athlon 64 na AMD tun 2003. Waɗanda suka maƙale a 32-bit su ne irin Pentium M, da Core Duo wanda babu 2 a sunansa, da Atom N270 na cikin ƙananan netbuk ɗin nan. Dalilin da ya sa nake jaddada wannan, manyan distiro sun yi sallama da 32-bit, Ubuntu tun fitowar 17.10 ya daina fitar da faifan desktof nasa, Mint daga na 20 a 2020, Debian ma da ya fi kowa haƙuri ya ajiye shi a Debian 13 da ya fito a Agustan 2025. Akwai irin su antiX da ke kula da waɗannan injinan, amma Chrome ya bar 32-bit a Linux tun 2016, don haka ni dai ba zan ba ka shawarar ka kashe ko sisi a kan injin 32-bit ba, in kana da shi ka ɗora masa mai sauƙi ka koyi tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a kai, shikenan. Maganar gudu kuwa Ubuntu 24.04 yana neman firosesa mai ƙwaƙwalwa biyu da 2GHz, wanda yawancin kwamfutocin shekaru goma sha biyar da suka wuce sun cika wannan.

RAM ne wurin da mutane suka fi ruɗewa. A rubuce Mint yana cewa 2GB ya isa amma 4GB ya fi daɗi, Ubuntu 24.04 yana cewa 4GB. Duk gaskiya ne, sai dai abin da ba a faɗa maka shi ne ba Linux ɗin ne ke cinye RAM ba, burauza ce. Sistam mai sauƙi zai tashi ya zauna a ƙasa da 1GB, kana buɗe Firefox ko Chrome da shafuka shida bakwai, ga YouTube ga Facebook ga imel, sai ka ga komai ya cika injin ya fara jan ƙafa, domin intanet ɗin yau ba ruwansa da shekarun kwamfutarka, nauyin da yake ɗora wa sabuwa shi yake ɗora wa tsohuwa. Don haka ga yadda nake kallon abin, mai 2GB ya nemi Lubuntu ko antiX ko Mint mai Xfce, wato nau'insa mara nauyi, ya kuma rage yawan shafukan da yake buɗewa, mai 4GB zai zauna lafiya da Mint ko Xubuntu, mai 8GB kuwa ya ɗora duk wanda ransa ke so. In kana da ƙarancin RAM akwai dabarar da ake kira zram, tana matse bayanai a cikin RAM ɗin maimakon zuba su a kan faifai, Fedora yana zuwa da ita a kunne, sauran kuma ana iya sa ta daga baya, tana taimakawa sosai amma ba ta maye gurbin ƙari na gaske.

In za ka ƙara RAM to ka nutsu, domin nan ake asarar kuɗi. DDR2, DDR3, DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasan kowanne a wuri daban take, kuma na laftof gajere ne na desktof dogo. Wanda ya fi yaudara shi ne DDR3 da DDR3L, kamarsu ɗaya sak kuma rami ɗaya suke shiga, amma na farko 1.5V yake ci na biyu 1.35V, kuma yawancin laftof masu Intel ƙarni na 4 da na 5 DDR3L suke so, ka sa musu ɗayan su ƙi tashi. Hanya mafi sauƙi ka buɗe murfin ka karanta takardar da ke manne a jikin wanda ke ciki, in ka ga PC3L to L ɗin nan ka nema, in PC3 ne kawai ko PC4 ka bi shi. Manhajar CPU-Z a Windows ma tana nuna maka, a Linux kuma sudo dmidecode -t memory zai gaya maka ramuka nawa ne, wanne ne ba kowa, da iyakar abin da injin zai ɗauka. Wasu siraran laftof kuma an narke RAM ɗin a jikin madabod ba rami ko ɗaya, irin waɗannan sai haƙuri da abin da suka zo da shi.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka gaba ɗaya, wato faifan ajiya. In kuɗin abu ɗaya kawai gare ka, SSD za ka saya, wato faifan ajiya na zamani mara juyawa, ba RAM ba, ba komai ba. Tsohon hadis mai juyawa na laftof yawanci 5400 yake juyawa a minti, yana ba da wajen 100MB a daƙiƙa in yana karanta babban fayil a jere, SSD na SATA kuma yana kaiwa wajen 500MB, amma ba ma wannan ne asalin bambancin ba. Hadis yana da allura da sai ta yi tafiya ta nemo kowane ɗan guntun fayil, kuma tashin sistam da buɗe manhaja duk karatun dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, nan take yake miƙo su. Shi ya sa ko injin ɗinka mai tsohon SATA II ne da ba ya wuce 300MB, wallahi za ka ji kamar an canza maka kwamfuta, abin da kake zargin firosesa da shi shekara da shekaru ashe hadis ne. Girma kuwa ba sai ka wahalar da kanka ba, Ubuntu 25GB yake nema, Mint 20GB duk da suna ba da shawarar 100GB, don haka 128GB ya wadatar, 256GB kuma ka miƙe ƙafa.

Kuma akwai wata fa'ida ta biyu da nake ganin ta ma fi saurin muhimmanci ga sabon shiga. In ka cire tsohon hadis ka ajiye shi gefe ka sa sabon SSD ka ɗora Linux a kai, Windows ɗinka da hotunanka da takardunka suna nan ba wanda ya taɓa su, ba maganar raba faifai, ba fargabar na danna abin da bai kamata ba na goge komai. In Linux bai yi maka ba ka mayar da tsohon ka ɗaure sukurori ka koma inda kake. In ya yi maka kuma ka sayi ɗan gidan hadis mai USB ka zura tsohon a ciki, ya zama wurin kwaso fayiloli da ajiyar ko-ta-kwana. Abu ɗaya da za ka tabbatar kafin ka cire shi, in BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan faifai, yana kunne a Windows ɗin ka nemo makullin dawo da shi mai lamba 48 ka rubuta a takarda, ko ka kashe shi tukuna, in ba haka ba faifan zai zama a kulle.

Wajen sayen SSD ɗin ka san irin ramin da kake da shi. Yawancin tsofaffin laftof SATA mai inci 2.5 ne, desktof ma zai karɓe shi in akwai kebul na SATA da na wuta. Sababbi kaɗan suna da ramin M.2, kuma nan akwai tarko, domin M.2 siffa ce kawai, akwai mai magana da yaren SATA akwai mai NVMe, wani ramin yana karɓar duka biyu wani ɗaya kawai, sai ka duba littafin injin da lambar samfurinsa. Akwai kuma mSATA na wajajen 2011 zuwa 2014 da ke kama da katin waifai, shi ma daban ne. Laftof mai wurin DVD tana da wata dama, ana sayar da ɗan akwati da ke shiga wurin DVD ɗin ya riƙe faifai na biyu, kaurinsa 9.5mm ko 12.7mm, ka auna naka. Ƙananan laftof masu ma'ajiyar eMMC 32GB da aka narke a jiki su ba a canza musu, amma abin daɗin shi ne Linux mai sauƙi yana zama a cikin 32GB ya bar maka sarari, abin da Windows 10 ya daɗe yana wahala da shi wajen sabuntawa.

In ba halin SSD yanzu ba laifi, da babu gara ba daɗi, amma ka duba lafiyar hadis ɗin kafin ka amince masa. CrystalDiskInfo a Windows ko manhajar Disks a cikin Ubuntu da Mint suna karanta bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa a kan kansa, in ka ga adadin sassan da aka sauya ko masu jiran sauyawa yana hawa, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, wannan faifan yana bankwana ne, kwashe kayanka yau.

Sai filash, wanda shi ne kaɗai abin da ba makawa. Fayil ɗin ISO, wato sistam ɗin da ake saukewa a rubuta kan filash, na Mint wajen 3GB ne, na Ubuntu 24.04 kusan 6GB, don haka 4GB ya daina isa, ka nemi 8GB aƙalla, 16GB ya fi. Duk abin da ke kansa zai goge, ka kwashe tukuna. Kuma dan Allah ka samu na kirki, na taɓa kwana biyu ina fama da wani injin, instoleshan yana kaiwa tsakiya ya tsaya da kuskuren kwafi, na canza RAM na canza faifai, ashe filash ɗin ne jabu, an rubuta masa girman da ba shi da shi, yana karɓar fayil yana zubarwa. H2testw a Windows ko f3 a Linux suna tona asirin irin wannan. Kana buƙatar kuma wata kwamfutar mai aiki da intanet don sauke ISO da rubuta shi, in tsohuwar tana tashi ita ma ta isa. Rufus na Windows ne kawai, balenaEtcher yana aiki a Windows da Mac da Linux, Ventoy kuwa shi na fi so don wannan aikin, sau ɗaya kake shirya filash ɗin sannan ka rinƙa jefa fayilolin ISO a ciki kamar kana kwafin hoto, ka sa Mint da Lubuntu da Debian gaba ɗaya ka gwada kowanne a kan injin ka ga wanda ya fi zama. Wanda ba shi da wata kwamfutar sam, akwai EtchDroid a wayar Android tare da ɗan kebul na OTG da ke jona filash da waya. Bayan saukewa ka gwada lambar SHA256, wato lambar tantance fayil, ta wanda ka sauke da wadda ke shafin distiro ɗin, minti biyu ne, kuma yana raba ka da ciwon kan fayil ɗin da ya yanke a hanya. In injin yana da ramin USB 3.0, galibi mai shuɗin ciki, sa filash ɗin a nan, in shi ma na USB 3.0 ne, don ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Desktof kuma kar ka manta sai da sikirin da kibod da maus, kuma a lokacin instoleshan ka nemi masu waya ko masu ɗan dongul na USB, domin kibod na Bluetooth yawanci ba ya aiki a cikin BIOS. Duba bayan injin ka ga VGA ne ko DVI ko HDMI ko DisplayPort don ka tanadi kebul ɗin da ya dace, ba a fafe gora ranar tafiya. Mint 1024x768 kawai yake nema, kusan kowane sikirin ya wuce haka, talabijin mai HDMI ma ya isa.

Don tashi daga filash sai ka danna maɓallin zaɓen but, wato zaɓen inda injin zai tashi, da zarar ka kunna, Dell da Lenovo yawanci F12, HP kuma F9 ko Esc, Asus Esc ko F8, Acer F12 amma sau da yawa sai ka shiga BIOS da F2 ka kunna shi tukuna. Secure Boot, saitin tsaro ne a cikin BIOS da ke hana sistam ɗin da bai amince da shi ba tashi, ba dole ne ka kashe shi ba, Ubuntu da Fedora da Debian da Mint na yanzu duk suna tashi da shi, sai in ka ga ya hana ka. Abin da ya fi kama mutane shi ne a kai wajen zaɓen faifai a ga babu faifai ko ɗaya, to ka koma BIOS ka nemo saitin SATA, in yana kan RAID ko Intel RST ka mayar da shi AHCI. Amma ka sani in akwai Windows a kan faifan da kake son ci gaba da amfani da shi, wannan canjin na iya hana shi tashi sai an shirya shi tukuna, wani dalilin kenan da ya sa nake son a raba musu faifai.

To in ta tashi kar ka yi gaggawar danna Install. Wannan zaman gwajin da sistam ke gudana daga filash ba tare da ya taɓa faifanka ba shi ne babbar kyautar da Linux ya ba ka, gani ya kori ji, duk wata tambaya ta ko kaza zai yi aiki nan za ka samu amsarta a kan injinka ba a bakin wani ba. Zauna da ita kamar rabin awa. Haɗa waifai, kunna bidiyo ka ji sauti a sifika sannan ka sa iyafis ka ji ko ya koma can, gwada kyamara da makirfo, maɓallan haske da ƙara, tocfad da yatsu biyu, Bluetooth, kowane ramin USB, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka daga barci. Jinkirin da za ka gani wajen buɗe manhaja na filash ne ba na injin ba, kar ya karya maka gwiwa. A tamina ka rubuta inxi -Fxz in Mint ne, ko lspci da lscpu da free -h a kowanne, ka ɗauki hoton abin da ya fito da waya, domin in ka je neman taimako wannan za a fara tambayarka. In injin yana daskarewa haka kawai, ka gudanar da Memtest86+, manhajar gwajin RAM, ka bar shi ya zagaya aƙalla sau ɗaya, jan layi ko ɗaya ya fito to akwai RAM mai matsala.

Waifai ne ya fi yawan ba da matsala, kuma ba sunan laftof ɗin ne ke yanke hukunci ba, ɗan cif ɗin da ke kan katin ne. Na Intel da Atheros kusan kullum suna aiki kai tsaye, Realtek wani ya yi wani sai an nema masa daraiba, wato manhajar da ke sa sistam ya iya aiki da shi, Broadcom kuwa da ke cikin tsofaffin laftof da yawa da kuma MacBook sau da yawa sai an sa masa daraiban kamfani daga baya. Ka ga matsalar, kana buƙatar intanet don sauke abin da zai ba ka intanet. Maganin shi ne ka tanadi kebul na Ethernet ka jona da rauta, ko kuma kebul ɗin cajin wayarka mai ɗaukar data, ka jona wayar Android da kwamfutar ka kunna raba intanet ta USB, Linux yana ganinta nan take ba daraiba. Daga nan Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu zai ƙarasa aikin. Debian ma tun na 12 a 2023 ya fara sa famwaya na kamfanoni, wato ƙananan manhajojin da irin waɗannan cif ɗin ke buƙata kafin su yi aiki, a cikin faifan instoleshan, wanda ya rage wannan wahalar sosai. In duk ya ƙi, ko ka canza katin da na Intel, ka dai bincika tukuna don wasu tsofaffin Lenovo da HP BIOS ɗinsu yana ƙin katin da ba ya cikin jerinsu, ko ka sayi dongul na USB, shi ma ka binciki cif ɗinsa kafin ka biya ba abin da aka rubuta a kwali ba.

Katin hoto na Intel da AMD daraibansu yana cikin Linux ɗin, ba abin da za ka yi. NVIDIA ne ke da hanya biyu, buɗaɗɗen nouveau da ke zuwa a ciki da kuma na kamfanin da ake sawa daga baya, kuma katunan da suka tsufa sosai kamfanin ya daina sabunta musu, sai dai nouveau, wanda ya isa aikin ofis da kallo amma ba wasa mai nauyi ba. In sikirin ya yi baƙi wajen tashi daga filash, ka sake kunnawa ka zaɓi safe graphics a Ubuntu ko compatibility mode a Mint. Na'urar karanta zanen yatsa kuwa kar ka sa rai da yawa, wasu suna yi da yawa ba sa yi. Firinta na zamani mai haɗuwa ta netwok yawanci da kansa yake bayyana, na HP kuma akwai daraibansu mai suna HPLIP.

Akwai injinan da ke da nasu hali. Mac mai firosesan Intel yana ɗaukar Linux da kyau, ka riƙe maɓallin Option wajen kunnawa ka zaɓi filash, sai dai waɗanda ke da cif ɗin T2 daga wajajen 2018 suna buƙatar ƙarin aiki, masu M1 da M2 kuma hanyarsu daban ce ta Asahi Linux. Chromebook sai an canza masa famwaya, ba aikin ranar farko ba ne. Sai ƙananan tablet da laftof masu Atom na wajajen 2014 da firosesansu 64-bit ne amma UEFI ɗinsu 32-bit, filash ya ƙi tashi a kansu ka rasa dalili, Fedora da Debian sun fi iya shawo kansu.

In kuma ba don zama a gabanta kake so ba, so kake ta zama sabar gida don ajiyar fayil ko koyon aikin sabar, buƙatun sun ragu sosai, Debian ko Ubuntu Server ba tare da tebur mai hoto ba suna gudu a 1GB zuwa 2GB na RAM, sikirin da kibod ranar instoleshan kawai za ka ara, daga nan ta SSH za ka rinƙa shiga, wato daga wata kwamfutar ta netwok. A nan kebul na Ethernet ya fi waifai, kuma tsohuwar laftof mai lafiyayyen batir tana da fifiko don ba ta cin wuta kamar desktof kuma ba ta mutuwa nan take in wuta ta ɗauke.

Ranar buɗe injin ka tanadi ƙaramin sukundireba mai kan kuros, ka cire caja da batir, ka taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jikinka kafin ka taɓa RAM ko madabod, ka riƙe su ta gefe ba ta wajen zinaren ba, ka jera sukurori yadda ka ciro su don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda wani abu. In kuma ka zaɓi ɗora Linux a kan tsohon faifan ba sabo ba, kwafi duk abin da kake so zuwa wani faifan na waje, ka buɗe wasu fayilolin daga can ka tabbatar sun kwafu da gaske, sannan ka zare shi daga jikin kwamfutar kafin ka fara, ka bar filash ɗin instoleshan kaɗai. Jona caja, kar ka dogara da tsohon batir, ka karanta sunan faifan da girmansa sau biyu a shafin da ke cewa zai goge komai, sannan ka danna. A kan SSD aikin yawanci bai wuce minti goma zuwa ashirin ba, in ya gama zai ce ka zare filash ka danna Enter, ka ajiye filash ɗin nan yadda yake kar ka goge shi, da shi za ka shiga ka gyara in wata rana ta ƙi tashi.